Hanyar Komawa Gida: Ƙaura da Dokokin Iyaka Kamar Yadda Ake Ganin Su daga Fadamar Haɗejiya

Idan manyan ƙasashe suka zauna tattauna batun ƙaura, abin da ke gabansu shi ne jiragen roba masu nitsewa a Bahar Rum da katangar da ke tsakanin Amurka da Meksiko. Alƙaluman da su da kansu suke tarawa kuwa wani labarin suke bayarwa. A ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020, mutum miliyan 281 ne ke zaune a wajen ƙasar haihuwarsu, wato ba su kai kashi 4 cikin 100 na mutanen duniya ba. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar ta ce waɗanda tashin hankali ya raba da muhallinsu sun haura miliyan 120 a 2024. Mafi yawansu ko ƙasarsu ba su bari ba, waɗanda suka bari kuma kusan bakwai cikin goma a ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu suka yada zango. Haka abin yake a Afirka ta Yamma, inda galibin masu fita daga ƙasarsu wata ƙasar yankin suke shiga. Don haka mai son fahimtar ƙaurar mutanenmu gara ya tsaya a Kaugama ko Maigatari da ya tsaya a gaɓar tekun Italiya.

Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, a ƙasar Hausa tafiya tsohuwar sana'a ce, kuma da ita talaka ke kare gidansa daga yunwa. Abin da ke mayar da matafiyi abin tausayi shi ne a toshe masa hanyar komawa. Yawancin dokokin ƙaura da aka gwada a kanmu cikin shekaru hamsin da suka wuce sun kasa hana mutane tafiya, amma sun wahalar da dawowarsu, kuma a nan ne ɓarnarsu take.

Kaugama na cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya, tare da Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kiri Kasamma, Malam Madori da Haɗejiya kanta. Ƙasa ce mai fuska biyu. Ta arewa jigawa ce ta gero da riɗi da zoɓo, inda aikin gona ke ƙarewa da ɗaukewar ruwan sama. Ta kudu kuwa tana gangarawa zuwa kogi, inda ambaliyar shekara-shekara ke barin danshi da kifi da ciyawa har tsakiyar rani. Wannan bambanci shi ya sa yankin yake sallamar mutane yana kuma karɓar wasu a lokaci guda. Da an kai amfani gida, samari su kama hanyar Kano, Legas ko Fatakwal cin rani. A daidai wannan lokacin 'yan ƙwadago daga ƙasar Damagaram ke saukowa yankan shinkafa da aikin lambu, Udawa da sauran makiyaya su biyo burtali da tumaki da shanu, masunta su bi ruwa yayin da yake janyewa. Da hadari ya fara haɗuwa, kowa ya nufi gonar ubansa. Masana irin su Mansell Prothero, wanda ya yi nazarin cin rani a lardin Sakkwato a shekarun 1950, da David Rain, wanda ya yi irinsa a Maraɗi ya wallafa a 1999, duk sun nuna cewa lissafi ne ke cikin abin. Bakin da ya tafi ya rage wa rumbu nauyi na wata biyar ko shida, hannun da ya dawo kuma ya zo da kuɗin taki da na biki da na haraji. Gidan da ke da ɗa a cin rani ya fi wanda ba shi da shi jure wa mummunar shekara.

Iyakar da ta raba Najeriya da Nijar, mai tsawon kusan kilomita 1,500, a bayan wannan tsari ta zo. Ingila da Faransa suka yi ta ja-in-ja a kanta tun daga 1890, sai a tsakanin 1906 da 1908 aka bi ta aka kafa alamomi. Tun daga lokacin mutane suka mayar da ita mafaka. Wanda aikin tilas da harajin Faransa suka dama sai ya sauko ƙasar Ingilishi. A yunwar 1913 zuwa 1914, da farin 1973, da na 1984, da ƙarancin abincin da ya auka wa Nijar a 2005, mutanen arewa kudu suka yi, suka sauka a gidajen dangi da surukai, mafi yawansu kuma suka koma da damina ta yi kyau. Babu wanda ya rubuta sunansu a matsayin 'yan gudun hijira, babu kuma sansanin da aka gina musu. Buɗaɗɗiyar hanya ita ta yi aikin da hukumomin agaji ke yi a yau.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ta ƙungiyar ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, ba ta ƙirƙiro sabon abu ba. Abin da mutane ke yi tun kaka da kakanni ta sa wa hannu. Sai dai gwamnatoci ba su taɓa riƙe ta da zuciya ɗaya ba, kuma baƙo shi ne na farkon ɗaukar laifi duk lokacin da tattalin arziki ya karye. Tun kafin yarjejeniyar Gana ta nuna hakan: a Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Hausawan zango da suka haifi 'ya'ya da jikoki a Kumasi da Ankara suka tattara ya-nasu-ya-nasu. A Janairun 1983, bayan faɗuwar farashin man fetur da kuma tsoron da rikicin Maitatsine na 1980 ya bari, ministan cikin gida na gwamnatin Shagari, Ali Baba, ya ba da irin wannan wa'adi. An ƙiyasta mutum kusan miliyan biyu suka fita, rabinsu 'yan Gana, sauran kuma har da ɗimbin 'yan Nijar da Cadi. A 1985 aka sake yi. Kafin wannan ma, a Janairun 1980, an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Barno, aka kai shi Cadi bisa da'awar cewa ba ɗan Najeriya ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. Wanda ya san yadda aure da kasuwa suka cuɗe mutanen kan iyaka zai gane haɗarin wannan, domin idan aka bi irin wancan ma'auni, gidaje kaɗan ne daga Gumel zuwa Nguru za su tsira.

Ba sai an koma nesa ba. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, daga baya ta kuma hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a Disambar 2020 aka buɗe mashigai huɗu, Maigatari na cikinsu. Adalci ne a faɗa cewa manomin shinkafa na Haɗejiya da Auyo ya ga farashi mai daɗi a wancan lokaci. Amma kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ran Alhamis da shanu da raƙuma daga Nijar, ta sha wahala, ɗan ƙwadago mai tsallakowa da lauje kuma ya koma bin hanyar daji yana biyan kuɗi a kowane shinge. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa, har Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. A 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mutunta takardun 'yan ƙasashen uku da zirga-zirgarsu har zuwa wani lokaci. Ma'ana, 'yancin da ya kasance haƙƙi rubutacce ga Badamagaren da ke zuwa aiki Kaugama yanzu ya zama alfarma, wadda za a iya janyewa da sanarwa guda.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne yadda mai cin rani ke sauya lissafi idan tsallakawa ta yi tsada. Wanda a da yake zuwa ya koma duk shekara, idan ya ga kowace tsallakawa za ta cinye masa rabin abin da ya tara, sai ya zauna shekara biyu ko uku bai je gida ba. Gonarsa ta koma hannun wani, matarsa ta biyo shi ko auren ya mutu. Dokar da aka yi don rage baƙi sai ta mayar da baƙon wata biyar mazaunin dindindin. Masu nazarin iyakar Amurka da Meksiko sun ga irin wannan bayan an tsananta tsaro a can, amma mu ba ma buƙatar zuwa can kafin mu gani.

Ta fuskar arewa kuwa, Tarayyar Turai ce ta shigo da nata tsoron. A Mayun 2015 Nijar ta kafa dokar haramta safarar baƙin haure, a Nuwamba kuma aka yi taron Baleta a tsibirin Malta, inda Turai ta buɗe asusu na musamman don tare mutane tun daga Afirka. Daga 2016 aka shiga kama direbobin Agadas ana ƙwace motocinsu, alhali fasinjojinsu 'yan ECOWAS ne da ke da ikon yawo a cikin Nijar. Tafiyar ba ta tsaya ba. Direbobi suka bar hanyar rijiyoyi suka shiga ƙungurmin hamadar Tenere, kuɗin mota ya ninka, wanda ya hango sojoji ya zubar da fasinja ya tsere. Gwamnatin sojan Nijar ta Janar Tiani ta soke dokar a Nuwamban 2023. Kuma da yawan waɗanda ke bin wannan hanya ba Turai suka nufa ba. Gawarwaki 92 da aka tsinta a hamada kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013, mafi yawansu mata da yara, mutanen Kance ne a jihar Damagaram, nan kusa da Daura, Hausawa 'yan'uwanmu da suka nufi Tamanrasat neman abin sawa a baka. Har yau Aljeriya na kwaso dubban mutane tana zubarwa a kan iyaka su taka da ƙafa zuwa garin Asamaka na Nijar.

Za a ce, to, a bar iyaka sake kenan, ga makamai da ƙwayoyi da 'yan bindiga na ratsawa? Tambaya ce mai nauyi, kuma wanda ya ga abin da ya sami Zamfara da Barno ba zai raina ta ba. Amsata ita ce rufe mashiga ba ya tare mai bindiga, domin shi dama ba ta mashiga yake bi ba. Wanda ake tarewa shi ne mai buhun gero da mai akuya. Idan kuma aka tilasta wa dubban talakawa bin hanyar daji, an ba mai laifi taron da zai saje a ciki, an kuma koya wa samarin ƙauyukan iyaka cewa fasa-ƙwauri ne sana'ar da ta fi riba. Hukumar da ke son sanin mai shiga da mai fita, hanyarta ita ce ta sa bin ƙofa ya fi bin daji sauƙi da arha: katin shaida mai sauƙin samu, takardar kiwo ta ƙetare iyaka wadda ECOWAS ta amince da ita tun 1998, da jami'an da ba sa karɓar na goro.

Akwai kuma wata hanyar toshe komawa wadda ba a lissafa ta cikin dokokin ƙaura, alhali a wannan yanki ta fi kowace tasiri, wato lalata abin da mutum zai koma ya tarar. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Masanan da suka yi aiki a fadamun Haɗejiya da Nguru sun ƙiyasta cewa filin da ambaliya ke shafa ya sauko daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970 zuwa abin da bai wuce 100,000 ba a shekarun baya. Sun kuma nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi wanda aka tare don manyan ayyukan ban-ruwa na sama amfani, idan aka haɗa noma da su da kiwo da itace. Sakin ruwa daga madatsun rani da damina ya sa ciyawar kacala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama masaukin tsuntsun jan-baki mai cinye shinkafa. Wani gari ya rasa ruwa gaba ɗaya, wani kuma gonakinsa suka nutse ba sa bushewa. Sannan ga ambaliya mai rushe gidaje irin ta 2020 da 2022. Manomin da ya yi asarar damina uku a jere ba cin rani zai tafi ba, ƙaura zai yi. Ina ganin duk wanda ke da hannu a kan lokacin buɗe ƙofofin Tiga da Challawa, da yashe magudanan da kacala ta cinye, yana yanke hukunci a kan yawan samarin Guri da Kaugama da za su bar gida, ko ya sani ko bai sani ba. Kuɗin da Turai ta kashe a kan shingayen Agadas, da an sa wani kaso nasa a nan, da ya fi kusa da tushen abin da take tsoro.

Ruwan nan dai shi ne ke bi ta Komadugu Yobe ya faɗa Tafkin Cadi, mutane ma sun bi shi. Lokacin da tafkin ya janye daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan a tsakiyar shekarun 1980, ƙasar da ya bari ta zama gonakin masara da wake, Hausawa masunta da manoma, har da na ƙasar Haɗejiya, suka cika Baga da Doron Baga da tsibiran da ke cikin Nijar da Cadi. Sai Boko Haram ta zo. Bayan harin Baga na Janairun 2015, da umarnin da gwamnatin Nijar ta bayar a ƙarshen watan Afrilu na kwashe mutane daga tsibiran tafkin, dubban 'yan Najeriya suka tako da ƙafa, aka sauke su a Gaidam, daga nan aka rarraba su zuwa jihohin da aka ce nasu ne na asali. Wasunsu a tafkin aka haife su. Me za a kira mutumin da aka haifa a tsibirin Nijar, aka kore shi zuwa garin kakansa a Jigawa, inda ba shi da ko taƙi ɗaya na gona? Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba ta san shi ba, domin ƙasarsa ya dawo. Ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, duk da ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira ta haɗa da wanda rikicin da ya dagula zaman jama'a ya kora, ita ma sai wanda ya ƙetare iyaka ya bar ƙasarsa. Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda Najeriya ta amince da ita a 2012, ita ce ta fi kusa da shi, har ma da wanda ambaliya ko fari ya tasa, sai dai abin da ke kan takarda bai cika isowa ƙauye ba.

Waɗanda suka ɗauki nauyin waɗannan mutane, da sauran da suka gudo daga Yobe da Barno, su ne magidanta da masu unguwanni da dagatai. Wani ya ba da ɗaki, wani ya ba da aron gona, liman ya yi shela a masallaci. Wannan abin alfahari ne, kuma yana da tushe a addini tun daga tarbar da mutanen Madina suka yi wa masu hijira. Amma kada alfahari ya rufe mana ido: tsarin agaji na duniya sansani yake gani, domin a sansani ake ƙirga kai a raba buhu. Gidan da ya ƙara baki goma a kan tukunyarsa ba ya shiga lissafi. Abin da aka gwada a jihar Maraɗi ya cancanci nazari. Tun daga 2019, da 'yan bindiga suka koro dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa Gidan Rumji da Madarumfa, gwamnatin Nijar da hukumar 'yan gudun hijira ba su gina sansani mai shinge ba. Sun zaunar da su a gefen garuruwa irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka kawo ruwa da makaranta da asibiti waɗanda baƙo da ɗan gari ke amfana tare. Ƙauyen da ya karɓi baƙi ya ga ribar karɓar.

Saura tambayar da muka fi ƙin fuskanta. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma maganar ta dace da ɗan cin rani. Amma wanda garinsa ya zama kufai, ko gonarsa ta zama dajin kacala, ba zai tashi da fitowar rana ba. Mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan. Alhazan ƙafa da suka yada zango a hanya suka ƙaru a kansu, guminsu ya shiga gonakin audugar Jazira. Bayan fiye da shekara ɗari, a 2022, da Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, sai aka ce musu baƙi ba su da ƙasa. Ɗaruruwan mutane suka mutu a watannin Yuli da Oktoba na shekarar. Mun yi baƙin ciki, kuma ya kamata mu yi. Sai dai ma'aunin da aka auna su da shi bai bambanta da wanda muke riƙe da shi a gida ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a inda ya so a sashe na 41, ya hana wariya saboda asali a sashe na 42, amma gurbin karatu da tallafin ɗalibai da aikin gwamnati duk sun rataya a kan takardar shaidar asali da ƙaramar hukuma ke bayarwa. Aron gona kuma aro ne, mai ita na iya karɓa ranar da ƙasa ta yi daraja, kuma a fadama kullum daraja take ƙarawa.

Yaran da aka haifa wa waɗanda suka gudo daga tafki a 2015 yanzu sun isa shiga sakandare. Ba su san Baga ba, Hausar Haɗejiya ce a bakinsu. Nan da 'yan shekaru za su je sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar da za ta kai su jami'a ko aikin ɗan sanda, a ce su kawo sa hannun dagaci da hakimi. Majalisar dokokin jihar Jigawa na da ikon fayyace shekarun zaman da za su ba mutum wannan takarda, majalisar masarauta kuma na iya sa a riƙa rubuta aron gona da sharuɗɗansa a gaban shaidu, yadda mai gona ba zai ji tsoron bayarwa ba, wanda aka ara wa kuma ba za a tashe shi ana tsakiyar damina ba. Duka biyun ba sa jiran izinin Abuja ko kuɗin Turai.